Tayar gaba ta yi ƙulu: in sake sa ranfilat ko in rufe ido in ɗauki 'yar Beljiyam?

Ɗan Gwale:

Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa don yau kwana shida motar tana ajiye a gida ƙura sai hawa kanta take yi ni kuma ina bin ɗan sahu. BMW ce 335i mai ƙofa biyu ta 2008, daga Amurka ta zo, shekara biyu kenan tana hannuna. Ranar Asabar muna dawowa daga ɗaurin aure bayan magariba wata tirela ta dalle min ido da fitila, ban ankara ba sai ji na yi gam, ƙafar gaba ta dama ta faɗa rami, abokina da ke gefe har sai da ya yi salati. Na gangara na tsaya na haska da fitilar waya, iska ba ta fita ba, rim bai lanƙwashe ba a ido dai, muka ce alhamdulillahi muka ƙaraso gida lafiya. Washegari yaron da ke wanke min ita ya ƙwala min kira wai Yaya zo ka gani, ina zuwa na tarar gefen tayar ya yi ƙulu kamar an cusa ƙwan kaza a ciki.

Da na durƙusa ina dubawa sai na ce bari in leƙa na baya ma, nan na ga abin da ya fi tayar min da hankali, ta waje zanen yana nan ras amma ta ciki sun suɗe tas, ɗaya har waya ta fara leƙowa. Wato duk wannan gudun da nake yi a kan waya nake yi ban sani ba.

Lambar da ke jiki, na gaba 225/40 R18, na baya 255/35 R18, kuma duk ranfilat ne, waɗanda ko iska ta fita za ka ci gaba da tafiya. Motar ba ta da safaya, ko gurbin ajiye ta ma babu a but.

Na zaga kasuwa kwana biyu, ga abin da na samo. Wani ya ce zai sa a kawo min sabbin ranfilat daga Legas, da ya faɗi kuɗin sai da na nemi benci na zauna. Wani yana da Michelin Pilot Sport 4 sabuwa amma ba ranfilat ba, kuma ta gaba kawai gare shi, ta baya ya ce in ɗauki 245/40 ai duk ɗaya ne, wai ma ta fi min tudu saboda hanyarmu. Na uku kuma 'yan Beljiyam ya fito min da su guda huɗu, baƙi wuluk suna sheƙi, zanensu kamar ba a taɓa hawa ba, kuɗin duka huɗun bai kai na sabuwa biyu ba, wallahi zuciyata ta tafi can. Shi kuma mai facin unguwarmu cewa ya yi kar in ɓata kuɗina a kan ta gaban, zai liƙa mata roba mai kauri daga ciki ƙulun ya kwanta.

To masana, wanne zan yi? In na bar ranfilat motar za ta samu matsala? Kuma 245/40 ɗin nan da gaske duk ɗaya ne? Na gode.

Mai Korola:

Hhhh Allah ya ƙara, ai mun faɗa muku. Ka sai da ita ka sayi Corolla ka huta malam, ni tayata 195/65 R15 ko a ƙauyen da ba lantarki na tsaya zan samu, ramin da ya yi maka ƙulu ni ko ji ba zan yi ba sai dai rediyo ta ɗan katse. Kun ɗauko motar da aka yi wa titin Jamus kun kawo ta inda akuya ke kwana a tsakiyar kwalta. Amma maganar gaskiya kar ka yarda da facin nan, ko ni da ba ni da ilimin abin na san gefe ba ya faci.

Baban Khalifa:

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya tsare gaba, kuma ka gode wa yaron nan da ya gani, ka ba shi na goro.

Fara da ta gaban: ta mutu, ka cire ta a lissafi. Ƙulun nan da kake gani zaren da ke cikin gefen tayar ne ya tsinke lokacin da rami ya matse ta tsakaninsa da bakin rim, yanzu roba zalla ce ke riƙe da iska a wurin. Duk abin da za a liƙa daga ciki ba zai ɗinke zaren ba, zai dai ɓoye maka ƙulun har ranar da za ta fashe, kuma ba ta fashewa a layinku kana tafiya a hankali, sai kana kan 140 rana ta take. Faci na tsakiyar taya ne inda zane yake, shi ma in hujin bai wuce milimita 6 ba.

Yanzu maganar duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma lissafin ba wuya. Lambar farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu kuma tsayin gefe ne amma kaso ne cikin ɗari na faɗin. Kenan ta gabanka kashi 40 na 225, milimita 90. Ta baya kashi 35 na 255, milimita 89 da ɗoriya. Ka ga duk da ta baya ta fi faɗi tsayinsu kusan ɗaya ne, da gangan aka yi haka don su riƙa juyawa tare. Ita 245/40 gefenta milimita 98 ne, sama da ƙasa in ka haɗa tayar baya ta fi ta gaba tsayi da wajen milimita 16, kuma kwamfutar motar nan da juyawar kowace ƙafa take aiki, da shi ABS, wato na'urar da ke hana taya cijewa wajen taka birki, da na'urar hana zamewa suke gane ko wata ƙafa ta sulɓe. In ka ba ta ƙafafu biyu dogaye biyu gajeru za ka iya ganin fitilar nan mai ruwan ɗorawa tana ƙyafta maka ido a kwana ba dalili tana yanke maka wuta. Shi mai shago abin da ke ƙasa yake son ya fitar, ba laifinsa ba ne, kasuwa ce. Kai ne za ka ce a'a.

Shi kuwa Mai Korola da yake dariya, a lissafi yana da gaskiya, kashi 65 na 195 wajen milimita 127 ne, ya fi ka kusan santimita huɗu na roba da iska tsakanin rim da rami. In kana son tudu da gaske hanyar da ta dace ita ce ka sauko daga rim 18 ɗin da kake kai zuwa rim 17, ka sa 225/45 gaba 255/40 baya, gefe ya koma wajen milimita 101 zuwa 102 kuma dukkan tsayin tayar kusan bai canza ba, kamfanin ma ya fitar da motar da wannan lambar. Sai dai ka gwada rim ɗin a ƙafar gaba kafin ka biya don birkin 335 babba ne, ba kowane 17 ke shiga ba. Na san samari ba sa son jin wannan, kowa 19 yake hari don hoto, ita kuwa 19 gefenta bai kai milimita 80 ba, rami ɗaya ya ishe ta.

Batun ranfilat, ni ra'ayina ka bar ta. An yi ta ne da gefe mai tauri yadda in iska ta fita za ta ɗauke ka wajen kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba, wato ta kai ka shagon da za a canza maka, a ƙasar da kowane gari akwai shagon da ke da irinta a ajiye. Kai in ta kai ka Ɗambatta ko Wudil wa zai fito maka da 255/35 ranfilat? Ga tsada, ga tauri, duk gargadar da ta taka sai ka ji ta a ƙugunka, shokozoba da bushin su ma suna shan nasu. Ba abin da zai samu motar in ka sa taya ta gama-gari, M3 ma yayar motarka ba da ranfilat ta fito ba, ɗan famfo da ruwan toshe huji aka sa mata a but. Sharaɗi biyu ne kawai, ka canza duka huɗun lokaci guda kar ka gauraya, sannan ka nemi ƙaramar safaya da jak da wil sifana ka jefa a but tun da yanzu ba ka da abin da zai kai ka gida. Za su ci maka wuri, to ai dama ba buhun masara kake ɗauka da ita ba.

Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, misali 92Y. Lambar nauyi ce, 92 kilo 630 kenan kowace taya, 94 kuma kilo 670. Harafin gudu ne, H 210, V 240, W 270, Y 300. Kar ka sauka ƙasa da abin da ke rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Kar ka ce ai ni ba na kai 270, ba don ka kai ba ne, tayar da aka gina ta jure wannan gudun ita ce ke jure zafi, mu kuma zafi ne ke kashe mana taya. Ka duba inda aka rubuta TEMPERATURE, ka tabbata A ce.

Su kuma na baya da suka cinye ta ciki, ƙafafun bayan motar nan dama a ɗan kwance suke, sama ya shiga ciki ƙasa ya fito, don ta riƙe kwana, to in bushin ya saki ko alayimen ya goce sai cin ya yi yawa. In ka sa sabbi ba ka gyara wannan ba wata nawa ne za ka dawo nan da wani dogon rubutun. Kuma tun da na gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba, ba ka da damar juya su gaba zuwa baya kamar masu Corolla, abin da ka sa a baya a nan zai ƙare rayuwarsa.

Oga Sabo mai taya:

Baban Khalifa ka yi bayani Allah ya saka, amma ban ji ka taɓo 'yar Beljiyam ba, bari ni in taɓa tun da sana'ata ce shekara da shekaru, kuma na san za a zage mu a nan hhh. Jama'a ku daina yi mana kuɗin goro. Akwai 'yar Beljiyam da ta fi wata sabuwar ta leda, wallahi akwai, Bature ya yi hatsari da mota wata shida da saye an kwance tayoyin an loda, ka samu babban suna da shekara ɗaya kacal a jiki, ka haɗa ta da wata sabuwa mai sunan da ko furta shi ba ka iyawa wadda rana ɗaya za ta yi mata ta fara tsagewa? Tun da Michelin suka rufe masana'antarsu ta Fatakwal a 2007, Dunlop suka bi bayansu a Legas a 2008, duk tayar motar da ke ƙasar nan jirgin ruwa ne ya kawo ta, sabuwa da tsohuwa, kuma talaka abin da aljihunsa ya kai yake saye.

Amma tsakani da Allah, ga irin motarka Ɗan Gwale, ni da kaina ba zan ba ƙanina ba sai na ga abu uku. Na farko kwanan wata. Ka nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2319 sati na 23 kenan a 2019. Wani lokacin gefe ɗaya kawai take, sai ka juya tayar. Ka shafa wurin da yatsa, in ka ji ya yi santsi daban ko ya ɗan lotsa kamar an goge an sake bugawa ka ajiye ta ka yi gaba, ana yi, ba zan ɓoye ba. 'Yan Rod Sefti shekara huɗu suke lissafawa daga ranar da aka yi ta, su masu yin tayar suna cewa daga shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara, goma kuma ko ba a taɓa hawa ba a jefar, to kai dai ka san da wanda za ka haɗu a hanya.

Na biyu sheƙin nan da ya ɗauke maka hankali man gogewa ne, ba komai ba. Ka sa a ɗauko ta a fito da ita rana, ka danna gefen da gwiwa ka ga ko ƙananan tsaga za su buɗe, ka zura hannu ciki ka shafa zagaye ko akwai faci ko garin roba. In ka ga garin roba baƙi a ciki an yi tafiya da ita ba iska, ta gama. A ranfilat wannan ya fi haɗari don ita ko an yi tafiya da ita ba iska daga waje lafiya lau za ka gan ta, shi ya sa ni ranfilat ta hannu ko kyauta ba na so.

Na uku bakin tayar, inda take kama rim. Wajen lodi ana cusa taya cikin taya, uku huɗu har biyar a cikin guda don kwantena ta ɗauki da yawa, hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama irinsu, har da sababbi ake yi wa haka. Wajen cusawa da wajen zarowa da ƙarfe wayar bakin take lanƙwashewa, ita ce za ka sa ta yau bayan kwana uku iska ta ragu a rasa huji, ko sitiyari ya riƙa rawa an yi balansin an gaji. In bakin bai zagaye sumul ba kar ka karɓa ko wa ya rantse maka.

In ka samu huɗu iri ɗaya lamba daidai da suka tsallake wannan, saya. Amma samun 255/35 R18 guda biyu 'yan shekara ɗaya masu lafiya, sai an tona.

Bazazzagi a Hambug:

Oga Sabo ka faɗi gaskiya amma ka manta abu na huɗu, kuma ni nan nake inda ake loda su ina gani da idona. A Jamus mutum kashi biyu na taya yake da shi, na zafi da na sanyi, suna ma da karin maganarsu wai daga O zuwa O, wato daga Oktoba zuwa Ista, da yarensu duka biyun da O suke farawa, lokacin tayar sanyi kenan. Doka ta yarda zane ya kai milimita 1.6 amma tayar sanyi yawanci tana sauka 4 suke cirewa don ba ta ƙara kama ƙanƙara, shi ya sa za ka gan ta da zane rututu ka ɗauka sabuwa ce. Kuma daga Oktoban 2024 wadda ke da rubutun M+S (laka da ƙanƙara) kaɗai ba ta ƙara shiga lissafin tayar sanyi a nan sai mai tambarin dutse, to ka yi tunanin ina tsofaffin suka nufa.

Ɗan Gwale ka koma ka dubi huɗun nan da aka nuna maka. In ka ga hoton dutse mai ƙololuwa uku da ɗan furen ƙanƙara a ciki, ko ka ga zanen cike da ƙananan tsaga sirara masu lanƙwasa kamar an yi da reza, ta sanyi ce. Robarta an haɗa ta ne ta yi laushi a sanyin da bai kai digiri 7 ba, kai kuma za ka ɗora ta a kwaltar Kano a watan Afrilu da ko takalmin roba narkewa yake. Za ta yi laɓo-laɓo, birki ya ƙara tsawo, a kwana ka ji motar tana iyo, ga shi da yawansu H ne harafinsu. Mota mai doki 300 da ke turawa da ƙafar baya, ka ba ta wannan a baya, ranar da ka taka totur a shataletale an ɗan yi yayyafi sai dai ka ga inda ka fito.

Wani abu kuma, kar ka wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Akwai tayoyin filin tsere irin su Pilot Sport Cup 2, zanensu kaɗan ne, suna kama busasshiyar kwalta kamar danƙo amma ba sa son ruwa kwance kuma ba sa daɗewa. Ka duba lambar TREADWEAR mai nuna daɗewar zane, ta tsere za ka ga 180 haka, ta hawan yau da kullum irin wadda aka nuna maka wajen 300. Ita ce daidai da kai. Ko Continental ko Goodyear Eagle F1 ko Hankook Ventus, duk wadda ka samu lambarka cikakkiya gaba da baya kuma kwanan watanta na kusa.

Ɗan Gwale:

Kai jama'a na gode ƙwarai. Bazazzagi wallahi kamar kana wurin, na koma da yamma na duba, uku a cikin huɗun akwai dutsen nan, ɗaya 2017 biyu 2018, ta huɗun ma ba kamfaninsu ɗaya ba. Na ce masa zan dawo, ya ce akwai wanda ya riga ya yi magana, na ce Allah ya sa alheri. Mai Michelin ya ce zai nemo ta bayan daidai lamba nan da sati. Saura ɗaurawa, in kai wa mai facinmu ko yaya? Mutumin kirki ne kuma tun ina da babur yake min aiki, ina jin nauyin ya ga na wuce shi.

Baban Khalifa:

Ka ci gaba da gaisawa da shi, ka riƙa ba shi aikin motar gida, amma wannan kar ka kai masa. Ba rainin sana'a ba ne, kayan aiki ne ba shi da su. Taya mai gajeren gefe ba ta fita da liba da guduma sai an ci bakin rim, balle ranfilat da za a cire maka wadda ko inji sai ya yi nishi. Kuma motarka tun da ta Amurka ce ta 2008 akwai sensa a cikin kowace ƙafa manne da bawul, ita ke gaya wa dashbod iska ta ragu, liba ɗaya in ta sauka a kanta ta fashe, fitila ta kama maka har abada ko ka sayi wata. Ni na yi wannan kuskuren da wata motar da na taɓa riƙewa, ina zaune a benci ina shan fiya wata na ji ƙas, yaron ya ɗago ya kalle ni na kalle shi, ya zaro wani ɗan baƙin abu a tafin hannu ya ce Alhaji wannan mene ne a ciki.

Ka je inda ke da injin cire taya da na balansin da na alayimen a wuri ɗaya, kuma kar ka ba da mukulli ka tafi masallaci ka dawo, ka yi sallarka tukuna ka zo ka tsaya a kansu. Ka gaya musu da bakinka akwai sensa. Jak a kan 'yan robobin nan huɗu da ke ƙarƙashin gefen motar ake sa shi, ba a kan duk ƙarfen da hannu ya kai ba. In an cire tsohuwar a ɗora rim ɗin dama shi kaɗai a inji a juya a gani, ramin da ya tsinke zare yana iya lanƙwasa rim ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Wajen sa sabuwa ruwan sabulu ko man da aka yi don haka za a shafa a baki, ban da baƙin mai, yana cin roba. Pilot Sport 4 tana da ciki da waje, gefen da aka rubuta OUTSIDE shi ke kallon titi, na sha ganin an juya shi ciki mai mota bai sani ba. In wata ka saya mai kibiya a gefe, kibiyar ta kalli inda taya ke juyawa in ana tafiya gaba. In akwai ɗigon rawaya a gefen a daidaita shi da bawul, yana rage dalmar da za a liƙa. Dalmar ma ta liƙawa ta ciki za a sa, ba ta bugawa a bakin rim ba.

Ɗaurin noti, motarka ƙarfin ɗauri 120 Nm take so, akwai sifana mai geji da ke yin ƙara in ta kai. Kar ka bari a zura bututu a sifana mutum ya hau da ƙafa yana tsalle, ranar da ka yi faci a daji kai kaɗai za ka gane kurenka. A ɗaura a tsallake-tsallake ba a jere ba, bayan ka yi kilomita 50 zuwa 100 ka koma a sake gwadawa.

Iska kuma, abin da ke takardar ƙofa, ba 45 ko 50 ɗin da ake dura wa kowa ba, kuma na gaba da na baya ba lamba ɗaya ba ce. Ka sayi gejinka na kanka ka auna da safe kafin ka fita. In ka yi tafiya ka auna ka ga ta hau da uku ko huɗu haka ake so, kar ka sace.

Mai Korola:

Baba a nan kam ban yarda ba, mu tun muna yara direbobin tasha suke cewa lokacin zafi a rage iska kar taya ta fashe, kuma su kullum suna kan hanya.

Baban Khalifa:

Na san maganar, ni ma da ita na tashi. Amma ka lanƙwasa waya a hannunka ka miƙe ka lanƙwasa ka miƙe sau ashirin ka taɓa wurin ka ji. Haka gefen taya yake yi duk juyi ɗaya in iska ta yi ƙasa, zafin daga nan yake fitowa ya haɗu da na kwalta. Ga lodi ya wuce ƙa'ida ga taya ta tsufa, in ta fashe sai a ce rana ce. A taya mai gefe milimita 90 ma ragin iska shi ke sa rami ya kai ga rim nan take, ban sani ba ko ta Ɗan Gwale ma a rage take ranar.

Ɗan Gwale:

Baba a rage take, sati biyu fitilar tana kunne ina cewa gobe.

Na dawo da rahoto. Tayoyi sun iso jiya, 225/40 da 255/35, duka huɗun na bara ne, na shafa lambar da yatsa kamar yadda Oga Sabo ya ce har mai shagon yana tambayata ko sana'ar nake yi. Rim 17 ɗin na bar shi sai aljihu ya farfaɗo. Na tsaya a kansu awa biyu da rabi, rim ɗin dama ya ɗan lotsa ta ciki an buga shi ya dawo, bushin ɗaya na baya ya mutu an canza kafin alayimen, sensa huɗu duk sun tsira, yaron ya so ya juya OUTSIDE ciki a ta ƙarshe na ce dakata. Sifana mai geji ba su da ita sai da aka aro a shagon gaba. Motar ta yi laushi kamar ba ita ba, sitiyarin ne dai na ji ya ɗan rage kaifi kaɗan, sun ce in bi ta a hankali kilomita ɗari biyu uku na farko sabuwar taya tana da santsi. Mai facinmu ya ga motar da safe ya zagaya ta sau biyu bai ce komai ba, sai ya ce in ba shi tsohuwar mai ƙulun zai yi wa akuyarsa wurin cin dusa, na ba shi duka huɗun. Saura safaya, wa ya san inda zan samu ƙarama mai huji biyar da za ta shiga ƙafar gaba ba ta taɓa birki ba?